Ƙullutu a Nono: A Jira Ko a Tafi Asibiti?

Gabatarwa

Garin Jibiya yana arewa maso yamma da birnin Katsina, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Matafiyin da ya wuce shingen jami'an kwastan da ke Magama, ba zai daɗe ba zai iske kansa a Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu jini ɗaya ne, harshe ɗaya, addini ɗaya. Sarautar Maraɗi ma kanta sarakunan Katsina ne na Haɓe suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a farkon ƙarni na 19, tun kafin Ingila da Faransa su shata iyaka a tsakani. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga mace an haife ta a Madarumfa, tana aure a Jibiya, 'yarta kuma tana aure a Maraɗi.

Idan irin wannan mata ta shafa nononta wata rana ta ji wani ƙullutu da ba ta san da shi ba, hanyoyi da yawa ne a gabanta. Tana iya yin shiru ta jira ko zai baje da kansa. Tana iya aikawa kemis a sayo mata kafso, ko ta nemi mai maganin gargajiya, ko kuwa ta tafi asibiti. In ma asibitin ta zaɓa, sai wata tambayar ta taso: na wane ɓangaren iyaka? Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ilimin likitanci ya gano game da wannan zaɓi, da dalilin da ya sa lokacin da aka yanke shawara yake da nauyi ƙwarai.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami mata kimanin miliyan 2.3 da suka kamu da ciwon dajin nono a duniya, kuma kimanin 670,000 suka rasu a sanadiyyarsa. A Nijeriya, ƙiyasin wannan shekarar ya nuna sababbin masu cutar sun haura 32,000, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000. Shi ne dajin da ya fi kowane yawa a tsakanin matan ƙasar.

Mene Ne Ciwon Daji?

Hausawa suna kiran wannan cuta daji, ko sankara, wasu kuma su ce kansa. Larabawa suna ce mata saraɗan, wato ƙaguwa, kamar yadda likitocin Girka na da suka kira ta, domin sun ga jijiyoyin da ke kewaye da ƙarin sun miƙe ta ko'ina tamkar ƙafafuwan ƙaguwa. Cuta ce tsohuwa, don kuwa wata takardar likitanci ta Masar da aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta siffanta ƙari mai tauri a ƙirji.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana rabewa gida biyu idan jiki yana bukatar sabuwa, ta kuma dakata idan bukata ta biya. Umurnin rabewa da na dakatawa a rubuce suke cikin sinadarin gado da ke tsakiyar ƙwayar. Idan wannan rubutu ya sami lahani a wurare da dama, sai ƙwayar ta daina jin umurnin dakatawa, ta yi ta rabewa ba kai ba gindi, 'ya'yanta su ma su gaji wannan hali. Tarin waɗannan ƙwayoyi shi ne ƙari.

Nono ya ƙunshi kitse, da ƙananan jakunkuna masu samar da ruwan nono, da siraran bututu masu kai ruwan zuwa kan nono. Galibin dajin nono daga bangon waɗannan bututu yake farawa. Muddin ƙwayoyin suna cikin bututun, haɗarinsu kaɗan ne. Idan suka huda bangon suka shiga naman da ke kewaye, suna iya bin magudanan ruwan jiki su sauka a kaluluwar hammata, ko su bi jini su yada zango a ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Wannan yaɗuwa ita ce ke kisa, domin ƙarin da ya tsaya a nono kaɗai ana iya cire shi.

Lissafin Jinkiri

Ɗalibin da ya san lissafi zai iya gane haɗarin jira da kansa. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Idan aka ninka haka sau 30, za a sami ƙwayoyi sama da biliyan ɗaya, kuma wannan adadi shi ne yake yin ƙullutu mai faɗin kimanin santimita ɗaya, wato kamar ƙwayar gyaɗa. A daidai nan ne yatsa yake fara iya jin sa. Wato ke nan ranar da mace ta fara jin ƙullutun ba ita ce ranar da cutar ta fara ba. Galibi ta yi shekaru tana girma a ɓoye.

Daga nan lissafin yakan yi sauri. Kafin faɗin abu mai siffar ƙwallo ya ninka sau ɗaya, sai cikinsa ya ninka sau uku, domin biyu sau biyu sau biyu takwas ne. A ɗauka, don misali kawai, wani ƙari yana ninkawa duk kwana 100. Cikin kwana 300 zai tashi daga santimita 1 zuwa 2, cikin wasu kwana 300 kuma ya kai santimita 4, wato ya tashi daga gyaɗa ya koma goro. Idan mai saurin girma ne da ke ninkawa duk kwana 50, rabin wannan lokaci ya ishe shi. Duk ninkin da ya ƙaru, damar da wasu ƙwayoyi za su ɓalle su shiga jini ita ma tana ƙaruwa.

Likitoci sun kasa cutar mataki huɗu. A mataki na ɗaya ƙarin bai wuce santimita 2 ba, kuma bai kama kaluluwa sosai ba. A mataki na biyu ya ɗan ƙara girma, ko ya taɓa kaɗan daga kaluluwar hammata. A mataki na uku ya kama kaluluwa da yawa, ko ya manne da fata ko bangon ƙirji. A mataki na huɗu ya isa wasu sassan jiki masu nisa. A matakai biyu na farko, mafi yawan waɗanda suka sami cikakken magani suna warkewa. A mataki na huɗu kuwa, magani yana rage ciwo ya tsawaita kwana, amma da wuya ya kawar da cutar.

Bincike ya tabbatar da wannan lissafi. A shekarar 1999 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bayanan mata sama da 100,000, inda aka ga waɗanda suka yi jinkirin wata uku ko fiye tsakanin ganin alama da fara magani sun fi sauran mutuwa cikin shekara biyar. A shekarar 2020 kuma aka fitar da sakamakon wani bincike da ya bi diddigin masu cutar a ƙasashen Afirka biyar. A asibitocin Nijeriya da binciken ya shafa, waɗanda suke a Aba da Owerri, kashi 36 cikin ɗari ne kawai na matan suke raye bayan shekara uku. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar. Manyan dalilan wannan tazara su ne zuwa asibiti a makare da rashin kammala magani.

Likitocin Musulmi na da ma sun lura da haka. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu a wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa ana iya cire irin wannan ƙari idan yana ƙarami kuma yana wurin da za a iya tumɓuke shi gaba ɗaya, kamar nono, amma idan ya tsufa ya yi girma, shi bai taɓa warkar da shi ba.

Alamomin Da Ba a Jira Da Su

Alamar da ta fi yawa ita ce ƙullutu a nono ɗaya, mai tauri, wanda gefensa ba santsi, kuma ba ya gudu a ƙarƙashin yatsa. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne a farkonsa galibi ba ya ciwo ko kaɗan. An saba auna tsananin cuta da zafinta, don haka sai a ce tunda ba ya ciwo ba kome. A wannan cuta, rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce.

Akwai sauran alamomi. Fatar nono tana iya lotsawa a wuri ɗaya kamar an ja ta da zare daga ciki, ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Kan nonon da a da yake tsaye yana iya shigewa ciki. Jini ko wani ruwa yana iya fita da kansa daga kan nono ɗaya ba tare da an matsa ba. Ana iya ganin ƙuraje ko saɓa a kan nono da suka ƙi jin man shafawa, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Nono ɗaya yana iya sauya girma ko siffa ba tare da ciki ko shayarwa ba. Haka kuma kaluluwa tana iya fitowa a hammata ko a gindin wuya ta ƙi bajewa, alhali babu rauni ko ƙurji a hannu. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba ta cikin kwanaki, kada a bari a shiga lissafin watanni.

Maza ma ba su kuɓuta ba. Kusan mutum ɗaya cikin kowane ɗari ko ɗari biyu na masu cutar namiji ne, kuma nasu yakan fito ne a matsayin ƙullutu mai tauri a bayan kan nono.

Ba Kowane Ƙullutu Ne Daji Ba

Wajibi ne a jaddada wannan, domin tsoro ya hana mata da yawa zuwa asibiti. Daga cikin ƙullutu goma da ake kai wa likita, takwas ko tara ba daji ba ne. 'Yan mata da matan da ba su kai shekara 35 ba sukan sami wani ƙullutu mai santsi, mai kama da roba, wanda ke zillewa idan an taɓa shi. Wannan ƙari ne marar lahani, kuma shi ne mafi yawa a shekarun 'yan makarantar sakandare. Matan da suka haura shekara 35 sukan sami 'yar jaka mai ruwa a ciki, wadda likita ke iya zuƙewa da allura. Haka nan nonuwa biyu sukan yi nauyi da tsami da gudaji-gudaji idan al'ada ta gabato, su saki bayan ta wuce. Macen da ke al'ada, idan abin da ta ji irin wannan ne kuma babu wata alama daga cikin waɗanda aka lissafa, tana iya sake dubawa bayan ta yi tsarki. Idan ƙullutun yana nan, jira ya ƙare.

Masu jego suna bukatar kulawa ta musamman. Ruwan nono yakan taru ya toshe bututu, ƙwayoyin cuta su shiga, nono ya kumbura ya yi ja da zafi, har da zazzaɓi. Wannan yana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ya tara mugunya kuma a fitar da ita. Sai dai akwai wani nau'in daji da ke zuwa da wannan kama, da ja da kumburi da zafi, ba tare da ƙullutu ba. Ƙa'idar ita ce, idan an sha magani mako ɗaya zuwa biyu kumburin bai sauka ba, a koma asibiti a nemi ƙarin bincike. A yankin da mace takan shafe shekaru masu yawa tsakanin ciki da goyo, abu ne mai sauƙi a ɗora wa shayarwa laifin kowane canji, cutar kuwa tana ta tafiya.

Babu wanda zai iya bambance waɗannan da tabbaci ta hanyar taɓawa kawai, ko da ƙwararren likita ne. Amfanin zuwa asibiti biyu ne: mafi yawan mata za su dawo da kwanciyar hankali, 'yan kaɗan kuma za a kama tasu cutar tun tana jin magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwan Da Ke Kawo Jinkiri

Na farko kunya. Nono al'aura ne, kuma mace takan ji nauyin faɗa wa mijinta ko surukarta, balle ta buɗe wa baƙo. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa lalurar magani tana halatta wa likita duba wurin ciwo gwargwadon bukata, kuma neman magani ba ya karo da tawakkali. Ban da haka, a asibiti mace tana da damar neman ma'aikaciya mace ta duba ta, ko ta shiga tare da 'yar'uwarta.

Na biyu shi ne imanin da ya yaɗu a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, wato da zarar an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya bazu. Wannan zance yana da tushe a abin da mutane suka gani da idonsu: an kai wata asibiti, an yi mata aiki, ba a daɗe ba ta rasu. Abin da ba su gani ba shi ne cutar ta riga ta isa huhu ko hanta tun kafin a kai ta. Matan da aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa, galibi ba sa shelar abin da ya same su, don haka labarin masu mutuwa kaɗai ke yawo. Ta haka tsoro ke haifar da jinkiri, jinkiri ya haifar da mutuwa, mutuwar kuma ta ƙara wa tsoron ƙarfi.

Na uku shi ne danganta cutar da sammu ko jifa, ko da ajiye kuɗi da wayar salula a cikin rigar nono. Babu binciken da ya tabbatar da cewa kuɗi ko waya ko rigar nono suna jawo daji. Cutar kuma ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci tare, ko kwanciya, ko wanki, saboda haka babu dalilin ƙaurace wa mai ita. Sakiya da tsaga da ƙaho da magungunan da ke cin fata ba sa kaiwa ga ƙwayoyin da ke can ciki. Abin da suke bari shi ne gyambo, sannan su cinye watannin da suka fi kowane lokaci tsada.

Na huɗu kuɗi da hanya. A yawancin gidaje miji ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota, don haka saninsa game da cutar yana da muhimmanci kamar sanin matarsa. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan Jibiya da maƙwabtanta, wadda a shekarar 2019 ta sa dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka, ta ƙara wa tafiya wahala. Duk da haka, a ma'aunin kuɗi ma sammako ya fi arha, domin ɗawainiyar ƙaramin ƙari ba ta kai ta wanda ya fashe ya zama gyambo ba.

Abin Da Ake Yi a Asibiti

Bincike hawa uku ne. Da farko ma'aikacin lafiya zai yi tambayoyi, ya duba nonuwa biyu da hammata da hannu. Ana iya yin wannan a ƙaramin asibiti ko a Babban Asibitin Jibiya. Hawa na biyu hoto ne. Ga mata masu ƙananan shekaru, waɗanda naman nononsu ke da kauri, an fi amfani da na'urar sikanin mai aiki da sauti, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Ga waɗanda suka kai shekara 40 kuwa, akan ƙara da hoton mamogiram. Hawa na uku shi ne a kashe wurin da allura, a ɗebo ɗan tsinken nama, a kai wa masanin da zai duba shi da madubin likita. Wannan awo na ƙarshe ne kaɗai ke tabbatar da daji ko ya kore shi, kuma shi ke nuna nau'insa. Don haka duk ƙullutun da aka cire, ko a wane asibiti ne, ya kamata a tabbata an aika da shi awo, a kuma karɓi sakamakon a rubuce.

Idan an tabbatar da cutar, magani yakan haɗa hanyoyi da dama. Akwai tiyata. A ƙarshen ƙarni na 19 likitan Amurka William Halsted ya yaɗa aikin cire nono duka tare da tsokar ƙirji. A shekarar 1985 binciken Bernard Fisher ya nuna cewa idan ƙarin ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashi yana ba da tsawon rai daidai da cire nono duka. Wannan darasi ne ga mai tsoron rasa nononta: wadda ta zo da wuri ita ce ta fi samun damar tsira da shi. Akwai maganin kemo da ake sawa ta jijiya, galibi duk bayan mako uku har tsawon watanni. Yana zubar da gashin kai, amma gashin yana dawowa. Akwai gashi da na'ura, kwana biyar a mako har tsawon makonni. Akwai kuma ƙwayoyi irin su tamoxifen, waɗanda ake sha kullum shekara biyar ko fiye, ga nau'in dajin da sinadarin istirojin na jikin mace ke ciyarwa.

Wane Ɓangaren Iyaka?

Tunda magani na watanni ne, mazauna kan iyaka suna da wani lissafi da sauran jama'a ba su da shi. A ɓangaren Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina shi ne babban wurin da ake tura masu irin wannan cuta daga Jibiya, kuma a shekarar 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a cikinsa. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, kuma asibitin Shika yana cikin na farko da aka fara da su. A ɓangaren Nijar, akwai manyan asibitoci a birnin Maraɗi, amma na'urar gashi ta farko a ƙasar an kafa ta ne a shekarar 2021 a cibiyar yaƙi da ciwon daji da ke Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗi.

Iyakar kuma ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, ba a kuma sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 an sake rufe ta, har zuwa watan Maris na 2024. Maganin kemo da aka katse a tsakiya yana rasa kaso mai yawa na amfaninsa. Saboda haka duban farko a yi shi a asibiti mafi kusa, ko ta wane ɓangare ne, ba tare da ɓata lokaci ba. Amma kafin a fara dogon magani, iyali su zauna su duba inda mai ciwon ke da masauki da mai jinya, da inda za ta iya komawa duk bayan mako uku ko da an rufe iyaka, su fara a can su kuma ƙare a can. Idan dole ta sa aka sauya ƙasa, a tafi da dukan takardu, musamman sakamakon awon nama da sunayen magungunan da aka riga aka yi. Takardun Nijar da Faransanci suke, na Nijeriya da Ingilishi, amma sunayen magunguna da ma'aunansu kusan ɗaya ne, likita zai gane su.

Wa Cutar Ta Fi Kamawa?

Kusan rabin masu cutar ba su da wani dalili da za a nuna illa kasancewarsu mata da kuma shekaru, musamman daga 40 zuwa sama. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari gado ne, galibi ta hanyar lahani a ƙwayoyin gado biyu da aka gano a shekarun 1994 da 1995, masu suna BRCA1 da BRCA2. Macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ko gwaggonta ta yi cutar tun da ƙuruciya, ya kamata ta sanar da likita. Ƙiba bayan daina al'ada, da rashin motsa jiki, da shan giya suna ƙara haɗari. Shayarwa kuwa tana rage shi: wani babban nazari na shekarar 2002 ya nuna raguwar kimanin kashi 4 cikin ɗari a kan kowace shekara guda ta shayarwa. Al'adar yaye a wajen shekara biyu kariya ce, sai dai ba cikakkiya ba, don kuwa mai 'ya'ya goma ma tana iya kamuwa.

Kammalawa

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri mai manufa uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma kashi 80 cikin ɗari su kammala maganinsu. Manufa ta farko ba ta dogara ga manyan na'urori ba. A birnin Mumbai na Indiya, wani bincike na shekara 20 da aka buga a 2021 ya nuna cewa mata ma'aikatan lafiya da aka horar su duba nono da hannu duk shekara biyu sun sa ana gano cutar da wuri, har mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin matan da suka kai shekara 50.

A nan ɗalibai da malamai ke da rawar takawa. Malamar kimiyya tana iya koya wa 'yan mata su san yadda jikinsu yake a lokacin lafiya, su riƙa dubawa 'yan kwanaki bayan al'ada, da tafin yatsu uku, tun daga ƙarƙashin nono har zuwa hammata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibi namiji shi ma gobe miji ne ko ɗa mai ba da kuɗin mota, kuma a gidaje da yawa na Jibiya da Ɗan Isa ɗan makaranta ne ke karanta wa iyaye takardar asibiti. Idan uwa ko gwaggo ko yaya ta ambaci ƙullutun da ya wuce al'ada ɗaya bai baje ba, ko jini daga kan nono, ko kumburin jego da ya ƙi jin magani, amsar da ta dace ita ce a raka ta asibiti a cikin wannan makon, a nemi hoto da awon nama idan likita ya ga bukata, sannan a adana kowace takarda da aka bayar.